Takalma a Ƙofar Masallaci

Tun da aka kawo takalman nan masu sandarewa da zarar ɗalibi ya taka jan layin iyakar makaranta, shugaban makaranta, Malam Badamasi, ya daina fita rana gadin yara. Yau da aka fita tara, ya kira Malama Hansatu ta 'yan aji biyu, ya nuna mata allon kwamfutar da ke bin sawun kowane takalmi da ɗigo.

"Duba, Malama! Duk suna ƙofar masallaci. Tarbiyya ke nan!"

Hansatu ta taɓe baki. Mutum da furfurarsa, amma ya manta a bakin ƙofa ake tuɓe takalmi! Ga yaran can tana hangowa ta taga, ƙafa ba takalmi, sun tsallake layin suna cin awara a gindin mangwaro.

"Ranka ya daɗe, wannan ɗigon fa, shi kaɗai a fili?"

"'Yata Lawisa ce," ya ce, yana gyara hula. "Nata sabon samfuri ne, ba ya ciruwa. Zango mai zuwa kowa zai samu."

Hansatu ta leƙa. Yarinyar tana bakin layin cikin rana, tana ta jan ƙafar da ta ƙi ɗaguwa.