Shafin da Ya Yi Fari

Tun da aka kawo sabuwar tawada, duk littafin da ya kwana bakwai bai sami sabon mai karatu ba, sai rubutunsa ya fara gogewa. Ran da na Tabawa ya cika kwanakin, ta faɗa shagon maƙwabcinta tela da shi a hannu.

"Malam Ilu, karɓi wannan. Labarin wata matuƙiyar kwalekwale ne, wallahi sau biyu ina ƙona tuwo a kansa."

Ya buɗe, ya ɓata rai. "Haba Hajiya, ai shafin farko ya yi fari fat."

Ta jawo benci ta zauna. "Tsayar da keken nan, na haddace shi. In na kai ƙarshe, sai ka ɗora daga shafi na biyu."