Amaryar Kawu a Lasifika

Yaran yanzu ƙyuya ta gama da ku. Yatsa ɗaya ma nauyin ɗaga shi kuke ji, sannan ku ce wayewa ce.

A ofishin wata tashar mota akwai saurayin da ake kira Injiniya, ko da yake ko fitila bai taɓa gyarawa ba. Kawunsa ne shugaban tashar, shi ya ba shi kujera da fanka da kwamfuta. Aikinsa bai taka kara ya karya ba: ya sauke muryar sanarwa daga intanet, ya buɗe ta a manhajar lasifika, fasinjoji su ji motar da za ta tashi.

Wannan ma ya yi masa yawa. Wata safiya ya shiga saitin abin shiga intanet ɗin nan da suke kira burauza, ya umarce ta cewa duk muryar da aka sauke ta buɗe kanta a manhajar lasifika. Ya danna "kullum", ya miƙe ƙafa cikin sabon takalminsa.

Shi kuwa Kawu, tun rasuwar matarsa ba a ga haƙorinsa ba, sai da wata ta samo shi a waya. Ba ta ɗaga kira, wai kunya. Saƙon murya take turowa da rana tsaka, kuma sai ta yi gyaran murya kafin ta fara. Ta roƙi agogo, Kawu ya aika. Ta roƙi takalmi babba, wai na yayanta, ya aika. Dattijo mai jikoki ya rina gemu, ya fara yi wa dangi zancen aure.

Ran nan da rana Kawu na tsakiyar tasha yana yi wa wani direba faɗa, Injiniya kuwa ya kulle ofis wai zai huta. Sai lasifika ta yi gyaran murya.

"Zumata, mai gemun ƙawa, da tunaninka na tashi. Takalmin nan ya ɗan matse, a canzo."

Tasha ta fashe da dariya.

"Ranka ya daɗe, ashe ana ciki!" in ji direban da ake yi wa faɗa. "Yaushe za mu sha biki?"

Gumi ya keto wa Kawu. A ransa ya ce lalle Injiniya ne ya sace masa saƙo ya watsa wa duniya. Ya zaro waya. Babu saƙon yau, bai iso ba tukuna. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya nufi ofis.

Yanzu Injiniya a rana yake wuni, da baki yake kiran motoci har muryarsa ta dushe, ba kujera, ba agogo, ƙafa cikin silifa. Sunan ma ya rasa shi. Tun ranar da Kawu ya ɓalle ƙofa ya same shi da makirufo a hannu, shafin da ke mayar da muryar namiji zuwa ta mace a buɗe, ga muryar da ya sauke daga can a manhajar lasifika, matsattsen takalmi a ƙafarsa, duk tashar "Amarya" take kiransa.