Shafin da Manya Suka Cika

Kawu, tunda ka ce lallai sai an jera sunayen iyayen ƙungiya a shafinmu, tsaya ka ji wani misali tukuna.

A wani gari an yi wata ƙungiyar matasa masu wasan kwaikwayo. Tun farkon damina suke gwaji a farfajiyar wata makaranta. Wani ya riƙa rufe shagon ɗinkinsa da la'asar, wata ta bar tuyar awararta, duk don su nuna wasansu a babban zauren garin. Mai zaure ya gindaya musu sharaɗi: in ba a sayar da rabin kujeru kafin ranar da ya yanka ba, masu biki zai ba wa. Sai suka je wurin wata budurwa da ta karanci kwamfuta, ƙanwar shugaban 'yan wasan, ta gina musu shafin intanet. Ta yi shi fes: sunan wasa, rana, wuri, kuɗin shiga, sai wani koren wuri da mutum zai danna ya sayi tikiti. Ta gwada shi a tsohuwar wayar mahaifiyarta, can ƙuryar ɗaki inda sabis ke wahala, ya buɗe kafin ƙiftawa da bismillah. Tun yinin farko mutane suka fara saye, har daga ƙauyuka.

Sai uban ƙungiya, wanda shi ne uban taro, ya gani. "Ke yanzu taro guda babu hoton uban taro? Ba a koya muku ladabi a jami'ar ba?" Ta sa hotonsa. Kashegari babban baƙo ya aiko da nasa, cikin babbar riga, haɗe da tarihin rayuwarsa tun daga firamare. Uwar taro ta aiko da guda uku, wai ba ta san wanda ya fi kyau ba, a sa duka. Wani ya bugo waya yana huci, an ajiye sunansa a ƙarƙashin na yaron da aka haifa a gabansa. Wani kuwa bidiyon jawabinsa na bara ya turo, ya ce a ɗora shi can sama. Duk wanda ta saka, koren wurin nan sai ya ƙara nutsewa ƙasa. Ta roƙe su, ta ce, "Ranku ya daɗe, mai saye fa ba zai ga inda zai danna ba." Aka ce mata mai son kallo zai nema.

Wa zai nema? Mai shayin da ya sayi datar kwana ɗaya, ya buɗe shafi, abu ya yi ta juyawa, da ƙyar hular uban taro ta bayyana, ko goshinsa bai fito ba data ta ƙare? Ya mayar da wayarsa aljihu ya ci gaba da fifita wuta. Ciniki ya tsaya cak. Abin takaicin ma, cikin manyan nan da suka cika shafin babu wanda ya sayi tikiti ko ɗaya, kowa na jiran a kawo masa katin gayyata har gida.

Rana ta zo, mai zaure ya cika maganarsa. Ranar da ya kamata a buɗe labule, amarya aka shigo da ita ana guɗa. 'Yan wasa suka cusa kayansu a buhu, telan ya koma shagonsa. Da aka zauna taron duba abin da ya faru, manyan nan dai su ne suka kishingiɗa a kujerun gaba suna girgiza kai, wai yaran yanzu sai takarda, aiki babu. Budurwar tana zaune a baya, yayanta ya kasa ɗaga ido ya dube ta.

To Kawu, shafin nan na mai saye ne. Manya a gaishe su ranar taro, da lasifika, har su gaji. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, idan dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.