Rumfar da Ta Cinye Fili

Tun da ka ce 'yan ƙungiyarku sun rabu gida biyu a kan wanda za a rubuta sunansa a allon ofis, zauna ka ji misalin wani kulob ɗin ƙwallon ƙafa a ƙasar Skotlan.

A wani ɗan gari na bakin teku, inda ruwan sama ba ya jin kunyar kowa, masunta da mahaƙa kwal ne suka haɗu tun zamanin kakanni suka kafa kulob. Wurin da hukumar garin ta ba su aro fadama ce mai caɓi. Masunta suka yi ta jido yashi daga gaɓa a amalanke, mahaƙa suka yi ta zuba tokar kwal, har ƙasa ta tsaya aka dasa ciyawa. Kulob ɗin bai taɓa zama abin a zo a gani ba. Yana can rukunin ƙasa, in ya hau mataki ɗaya bana, baɗi ya sulmiyo ya dawo. Amma ranar Asabar duk garin yana bakin fili, a tsaye cikin ruwa, ana kurɓar shayi ana zagin alƙalin wasa. Akwai wani gola da ya tsare musu raga tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka ƙi. Ubansa masunci ne, uwarsa 'yar mahaƙa, don haka da ya ajiye wasa aka ɗora shi shugaba, tun da ba ɓangaren da zai ce ba nasa ba ne.

A zamaninsa sa'a ta leƙo. Ƙuri'ar gasar cin kofi ta haɗa su da wani babban kulob na birni, suka riƙe shi canjaras, aka nuna wasan a talabijin. Abin da suka samu ya isa a gina wa 'yan kallo rumfa, ta farko a tarihinsu. Ƙarafa da kwanon rufi suka iso, aka jibge a gefen fili. Sai wani a kwamiti ya tambaya, sunan wa za a sa wa rumfar? Masunta suka ce na kakansu, wanda ya fara kawo ƙwallo garin. Mahaƙa suka ce na nasu kakan, wanda ya kafa turakun raga. Tsohon golan ya ɗauka maganar ba za ta wuce kofin shayi ɗaya ba. Ya ce a sa duka biyun, aka koma faɗan na wa zai zo a gaba. Ya ce to a bar ta ba suna, kowane ɓangare ya ce ya sayar da su. Kakar wasa ta wuce, wata ta zo, ciyawa ta haɗiye ƙarafan, tsatsa ta cinye kwanon. Masunta suka koma tsayawa bayan wannan raga, mahaƙa bayan waccan, in ɗan masunci ya ci ƙwallo rabin fili ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Kocin kulob ɗin ya gaji ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Ran nan golan ya bugi tebur ya ce, "Jama'a, ku dubi Allah. Mutanen nan biyu da kuke faɗa a kansu kabarinsu na kusa da juna, ban taɓa jin sun yi musu ba. Mu ne ruwa ke duka." Aka yi masa kallon wanda tsufa ya taɓa, aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Ana cikin haka wa'adin aron filin ya cika, hukumar gari ta ce kulob ya zo ya faɗi abin da yake so. Dama akwai wani ɗan kwangila da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan wurin, yana son gina gidaje. Ya je wa masunta ya ce, rumfa me ce ce, shi titi guda zai sa wa sunan kakansu. Ya zagaya ya faɗa wa mahaƙa haka. Kowa ya ɗauka shi ya yi nasara. Golan ya bi gida-gida da sandarsa har muryarsa ta dushe, yana roƙo a je tare ko da ba a gaisa ba. Ranar zaman ya tashi ya yi bayani, sai shugabar hukumar ta tambaye shi da bakin su wa yake magana. Ya waiwaya, bai ga kowa a bayansa ba. Nan take hukumar ta miƙa wa ɗan kwangila filin.

Yau kulob ɗin yana nan da rai, amma a garin maƙwabta yake wasa, a filin tsofaffin abokan hamayyarsa, sai masu gida sun gama nasu. Titunan kuwa ɗan kwangila ya sa musu sunayen 'ya'yansa mata. Duk Asabar magoya baya sukan cika bas ɗaya, masunta a gaba, mahaƙa a baya, golan a tsakiya. In suka fara musun wa ya jawo aka rasa filin, sai ya zare na'urar jin magana daga kunnensa, ya sa a aljihu, ya juya yana kallon teku.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.