Gangar da ke Bayan Muryar Farfesa

Kwalba ta farko ta fasa gilashin ɗakin sharhi, ta biyu ta tsaga goshin mai sharhin wasa. Laifinsa ɗaya: ya faɗa a rediyo cewa ƙwallon da aka soke wa 'yan gida, satar gida ce.

"Maigadi, riƙe mini ƙofar nan, wasa bai ƙare ba!" in ji mai sharhin.

Sakata ta karye, maigadi ya tokare ƙofar da hannunsa. Ƙarti talatin suna dukanta da benci har ƙashinsa ya tsage, amma namijin duniya ko tari bai yi ba. Dokar ɗakin ke nan: in jar fitila na ci, ba a surutu.

Bayan shekara ashirin mai sharhin ya zama farfesa. Ya gayyato maigadin nan, wanda yanzu ya tsufa, zuwa aji, ya kunna faifan ranar.

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, muryarka ko rawa ba ta yi! Amma wace ganga ake bugawa a baya?"

Tsohon ya ɗaga murɗaɗɗen hannunsa.

"Ganga? 'Yata, ni ake bugawa. Ban yi boko ba, amma ga ni ana koyar da ni a jami'a."