Da Sauƙi, 'Yar Nan

Malam Ishiyaku tela ne a Kibiya, kuma shekara ashirin da ɗoriya ƙafarsa ta dama ce ke ciyar da gidansa, domin kekensa na takawa ne. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ɗinkin hijabi ya yi kasuwa, har ba ya samun sararin sosa ƙeya. Ana cikin haka ya taka ƙusa da ƙafar nan ta dama a bakin shago.

Mako biyu ciwon bai kame ba, sai matarsa Tani ta matsa masa ya je asibitin sha-ka-tafi. Ma'aikaciyar da ke duba marasa lafiya, Jumai, sa'ar 'yarsa ce ta fari. Ta wanke ciwon, ta ɗaure, ta ba shi kafso, ta ce a riƙa sauya bandeji a gida, ya dawo ran Litinin.

Akwai abin da bai faɗa mata ba. Wata da watanni yana fama da ƙishirwa, ga yawan fitsari, buta ba ta hutawa. Amma dattijo kamarsa ya buɗe baki ya yi wa yarinya zancen fitsari? Ya ji nauyi, ya haɗiye.

Ran Litinin layi har waje. Jumai ta ɗago kai daga katinsa ta ce, "Baba, ya ƙafar?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Alhamdu lillahi."

"Tana zafi?"

"Ko kaɗan."

Ta ji daɗi, ta ce ya ci gaba da shan maganin nan dai. Ba ta kwance bandejin ba, shi ma bai ce ta kwance ba.

Kun dai san halinmu. Bahaushe ko yana gargara aka ce masa ya jiki, "da sauƙi" zai ce. A zancen zafi kuwa bawan Allah bai yi ƙarya ba. Ƙafar ta daina jin komai, shi kuma ya ɗauka warkewa ce ta zo. Ya sake komawa sau biyu, amsar ba ta sauya ba, maganin ma bai sauya ba.

Tani ce ta gaji da shiru. Ita ke sauya bandejin, ta ga babban yatsan ya yi baƙi ƙirin, wari ya cika ɗaki. Ta ce, "Malam, wallahi ƙafar nan babu sauƙi. Wai me kake gaya musu a can?"

"Me zan gaya musu? In je ina raki a gaban jama'a? Ai sai a ce ba na gode wa Allah."

Ta fashe da kuka, ta aika aka kira ƙaninsa Ƙasimu, direban motar Kano. Da ƙyar da siɗin goshi suka sa shi a mota zuwa babban asibitin Rano.

A can ɗigon jini ɗaya aka ɗiba a yatsansa na hannu, sai ga ciwon suga ya yi masa mugun kamu. Shi ya hana ciwon warkewa, shi ya kashe jijiyoyin ƙafar. Aka tura su Kano. Likita ya ja Ƙasimu gefe ya ce, "Da wata guda baya kuka zo, da yatsa kawai za mu cire." Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da aka sallamo shi, Jumai ta zo dubiya. Ta durƙusa a bakin ƙofa, idonta ya yi ja. "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya dubi dungulmin ƙafarsa. Can ya ce, "'Yar nan, na zaci gaishe ni kike yi."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ma da laifina, Baba. Da na kwance na duba."

Abin tausayi, duka su biyun babu mugu a cikinsu. Amma ga Malam Ishiyaku, mai shekara hamsin da biyar, zaune a kan tabarma, yara bakwai suna kallon hannunsa, keken kuma wani ne ke taka shi.

Jama'a, "da sauƙi" amsar gaisuwa ce, ba amsar likita ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi: in kun je asibiti ku faɗi komai, har abin da kuke jin nauyinsa, domin da bayaninku ake zaɓar magani. Ku kuma ma'aikatan lafiya, kada ku tsaya ga abin da baki ya faɗa, ku buɗe ku gani da idonku.