Mai Tsara Littafi da 'Yan Tsakin Gwaggonsa

An yi wani mutum mai tsara littattafai a wata maɗaba'a. In marubuci ya kawo aikinsa, shi ne zai zauna gaban kwamfuta ya bi rubutun layi-layi, yana sa masa alamomi da wani tsari da suke kira XML: nan kan magana ne, nan jikin bayani ne, nan kuma gargaɗi ne da za a keɓe cikin akwati a gefen shafi. Kowane akwati alama biyu gare shi, ta buɗewa da ta rufewa, kuma mai karatu ba ya ganin ko ɗaya. Abin ya daɗe yana ɗaure wa mutumin nan kai. Yakan ce a ransa, abin da ido ba ya gani, don wa ake yin sa? Da aka kawo masa littafin kiwon kajin gidan gona, sai ya ce bari dai ya gwada ya ga abin da zai faru. Ya ƙi sa alamomin, ya ja wa kowane akwati layi a kewaye, ya zuba masa launi. Littafi ya fito tsaf, babu wanda ya ce uffan. Don jin daɗi har ya tura wa gwaggonsa a waya, domin ta sayar da tunkiyarta ɗaya tilo ta sayi 'yan tsaki, ga shi idonta ya yi rauni, sai dai waya ta karanta ita kuma ta saurara.

Ana cikin marka ya je gaishe ta. Ya tarar 'yan tsakin sun cure a kusurwar akurki, sun hau kan juna don sanyi, na ƙasa duk sun mutu. Kaskon gawayi kuwa yana kife a tsakar gida. Ya ce, "Gwaggo, yaya kika bar su babu wuta a wannan sanyi?" Ta ce, "Ni kake tambaya, ɗan nan? Ai littafinka ne ya hana. Ni ma abin ya ba ni mamaki, na ce to, kajin zamani ne, ba su san uwa ba, wataƙila ba su san ɗumi ba. Ku 'yan boko kun fi mu sani." Ya karɓi wayar ya kunna, ya rufe ido ya kasa kunne kamar yadda take yi. Murya ta karanto kan maganar wani akwatin gargaɗi, wato abubuwan da ba a yi wa 'yan tsaki. Ta ambaci jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, ta ambaci dusa mai tsami, sannan ko numfashi ba ta ja ba ta zarce da maganar ajiye musu kaskon wuta a kwanakin farko. A takarda, layi ya raba hani da umarni. A kunne babu layi. Na'ura ba ta da ido, ba ta da hankali, abin da aka gaya mata shi take bi. Da ya sa mata alamar rufewa, da ta dakata ta ce gargaɗi ya ƙare nan. Ranar ya sami amsar tambayarsa, amma gwaggo ce ta biya kuɗin karatun. Ya durƙusa yana hura gawayi don 'yan kaɗan da suka rage, ita kuma tana laluben matattun tana sawa a ƙwarya, tana cewa, "Kalli tunkiyata, ɗan nan. Duk ta shige ƙwarya ɗaya."

Shi ya sa duk aikin da aka ce ka buɗe, ka tabbata ka rufe, ko ana ganinka ko ba a gani. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.